KIWON KIFI A GIDA: WANE KIFI KE ZAMA DA WANE?

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai fadamu da kududdufai masu riƙe ruwa har bayan kaka. Wasu manoma kan haƙa tafki a bayan gida, wasu kuma su gina kwami da siminti su zuba kifi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kamo 'ya'yan kifi a rafi ko a madatsar ruwa irin ta Mairuwa, a zuba su gaba ɗaya ba tare da an tantance ba. Bayan wata shida sai a tarar kifin ya ƙare, ko kuwa ya cika tafki amma duk ƙanana.

Karfasa ita ce mai sauƙin kiwo. Tana cin dusar masara da ta shinkafa da ƙuli-ƙuli, tana kuma cin ɗanyen ruwan nan da takin kaji ke mayarwa kore. Danginta suna da yawa a Afirka. A tafkin Malawi kaɗai akwai iri ɗaruruwa, masu launi kala-kala, waɗanda Turawa ke ajiyewa a akwatin gilashi don ado. Dukkansu an san su da faɗa a kan wurin zama.

Matsalar karfasa ita ce haihuwa. Namiji yakan share rami a ƙasan tafki ya tsare shi, mace ta zuba ƙwai, sa'an nan ta kwashe su a bakinta har su ƙyanƙyashe. Saboda wannan kulawa 'ya'yan ba su cika mutuwa ba. Tun tana wata biyar ko shida take fara haihuwa, kuma ba ta dainawa. Idan baki ya yi yawa abinci ba ya isa, sai kowa ya tsumbure. Kifin da bai kai tafin hannu ba kuwa, ba ya kuɗi a kasuwa.

Maganin wannan shi ne tarwaɗa. Ita mai cin nama ce, tana cinye ƙananan 'ya'yan karfasa, manyan su samu sarari su girma. Amma akwai ƙa'ida. Karfasa ake fara zubawa, sai ta yi ƙwari a kawo tarwaɗa 'yan kaɗan, waɗanda ba su kai ta girma ba. Wanda ya zuba babbar tarwaɗa a kan 'ya'yan karfasa ya ba kura ajiyar nama. Ko su tarwaɗar a junansu babba kan haɗiye ƙarami, don haka ake ware su bisa girma.

Wata hanyar ita ce a kiwata maza zalla, domin namijin karfasa ya fi mace saurin girma. Ana gane su ta ƙarƙashin ciki: namiji ƙofa biyu gare shi, mace uku. Aikin yana son ido, kuma mace ɗaya idan ta kuɓuce ta isa ta ɓata shiri.

Giwan ruwa da tsage ba su da wurin zama a ƙaramin tafki, za su cinye komai. Haka kuma wata ƙaramar 'yar uwar karfasa mai ɗigon baƙi biyar a gefe, wadda takan biyo kifin rafi. Mafarauciya ce, a tsince ta a fitar.

Sai batun hunturu. A watannin Disamba da Janairu ruwa kan yi sanyi, karfasa ta rage cin abinci. A lokacin a rage abin da ake zubawa don kada ya ruɓe ya ɓata ruwa. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska idan ruwa ya lalace, karfasa kuwa mutuwa take yi. Mai son irin kifi mai kyau ya tuntuɓi malaman gona na hukumar KTARDA kafin ya saya.