Tukunyar makaranta ta huce, nauyi ya koma kan kuɗin tara

A watan Janairun 2016 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare a Jihar Kaduna, naira 50 kan kowane yaro a rana. Cikin 'yan makonni azuzuwa suka cika maƙil, har wasu yaran na zama a ƙasa. Sai dai malamai sun lura da wani abu: da zarar an raba abinci an suɗe kwano, yara da dama sai su sulale gida. Wannan ya nuna ƙarfin shirin da rauninsa a lokaci guda. Yunwa ce ta kawo su, kuma ita ce ke tsara lokacin tashinsu.

A shekarar ce kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da nata shirin na ƙasa baki ɗaya, domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati, kan naira 70 kowane kwano. Tsarin ya yi ma'ana: a sayi hatsi da wake daga manoman yankin, a ɗauki matan unguwa su dafa, kuɗin ya zagaya a cikin gari. Gwamnati ta ce shirin ya kai ga yara sama da miliyan 9, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, kuma ya sha ambaton shanu 594 da ƙwai miliyan 6.8 da ake cinyewa duk mako.

Buƙatar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na ƙananan yaran ƙasar suna fama da ƙarancin jini. Waɗannan su ne ke shiga aji ɗaya bayan shekara biyu ko uku. Yaro mai ƙarancin jini yakan gaji da wuri, ya riƙa gyangyaɗi tun kafin a kaɗa ƙararrawar tara, malami kuwa ya ɗauka lalaci ne. Kwano ɗaya a rana ba zai mayar da tsayin da aka rasa a yarinta ba, amma yana hana lamarin ƙara taɓarɓarewa, yana kuma ba ƙwaƙwalwa abin da za ta yi aiki da shi.

Duk da wannan buƙata, shirin na ƙasa bai ɗore ba. To me ya kashe wutar? Na farko, kuɗin kwano ya tsaya cik alhali kasuwa na gudu. Sai a 2022 aka amince a ɗaga shi zuwa naira 100. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ƙwai ɗaya ya kai naira 200 a garuruwa da yawa. Tun kafin nan, mai dafa abinci da aka ba naira 100 ba ta da wata dabara face ta rage ludayi, ta tsinka miya, ta yanka kifi ƙanana-ƙanana. Na biyu, biyan masu dafawa ya riƙa jinkiri, rana ta yi ba a hura wuta ba. Na uku, zargin almundahana ya dabaibaye ma'aikatar jinƙai mai kula da shirin, har a watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a baki ɗaya, da ciyarwar a cikinsu.

Nauyin ya dawo wuyan iyaye. A gidan da ake da ɗumame ko koko da safe, da sauƙi. Inda babu, abin da ke aljihun yaro shi ne abincinsa. A bakin ƙofar makaranta mai awara ce ke cin kasuwa: ta tsamo daga mai, ta barbaɗa yaji, ta ƙunshe a leda. Awarar waken suya tana gina jiki, kuma ta fi ƙwai araha nesa ba kusa ba. Amma kusa da ita akwai mai tiren biskit da alewa da lemon roba mai kala, waɗanda sukari ne zalla, kuma su suka fi jan idon yaro. Mai naira 50 a hannu sau da yawa can yake nufa, kafin azahar yunwa ta dawo.

Masu dafa abinci su ma sun rasa sana'a, manoman kaji sun rasa babban mai saye. Almajirai da miliyoyin yaran da ba sa zuwa boko kuwa dama tun farko ba a sa da su ba.

Akwai jihar da ta nuna cewa abin zai iya ɗorewa. A 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gwada ciyarwa a jihohi 12 da Abuja, kusan duk suka watsar, amma Osun ta ci gaba, ta sake fasalin shirin a 2012, tana ware masa kuɗi daga aljihunta tare da ƙananan hukumominta maimakon jiran Abuja.