Jarin Hasken Rana A Ƙasar Kazaure: Babba Na Jira, Ƙarami Na Tafiya

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa Kazaure da Roni da Gwiwa cikin watan Afirilu, ko ya nausa Ɓaɓura a bakin iyakar Nijar, ya san irin ranar da ake ƙwallawa a wannan yanki. To, wannan rana da manomi ke gudu zuwa inuwa ita ce masu jari na ƙasashen waje ke lissafawa cikin dukiya a yau, domin kuɗin farantan da ke mai da haskenta wutar lantarki, watau sola, ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don su gina tashoshin hasken rana masu ba da megawat 1,125, har da wasu a Jihar Jigawa. Sa'an nan a 2018 Bankin Raya Afirka ya ba da tallafin dala miliyan ɗaya da rabi don share fagen wata babbar tasha mai megawat 1,000, wadda aka tsara kafawa a ƙasar Gwiwa. Shekaru sun shuɗe, ba a ga tashar ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai jari da dala yake ciwo bashi, alhali da naira za a biya shi, ga shi kuwa darajarta tana ta raguwa. Saboda haka ba ya sakin kuɗinsa sai ya sami lamunin Gwamnati cewa za a sayi wutar a kuma biya. A kan wannan lamuni da farashin wutar ne yarjejeniyar 2016 ta cije. Bugu da ƙari, babbar tasha ba ta da amfani in babu manyan wayoyin da za su kwashi wutar zuwa Kano da Katsina. Masar ta warware irin wannan ƙulli a Benban, kusa da Aswan, inda hukuma ta ba da fili, ta haɗa wayoyi, ta yi alkawarin sayen wuta har shekara 25. Kamfanoni kusan 30 suka shigo, aka gama aiki a 2019.

Ƙaramin aiki kuwa tuni ya nuna kansa a nan gida. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF ta haɗa kai da Gwamnatin Jiha aka sa sola a ƙauyuka uku, ciki har da Wawan Rafi ta ƙasar Kazaure. Aka sami ruwan famfo, aka haskaka asibiti da makarantu da masallatai, teloli da masu aski suka sami wutar sana'a. Abin da aka koya shi ne, mutumin ƙauye zai biya kuɗin wuta muddin tana kawo masa ciniki.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Kazaure ya ga kuɗin mai na cinye ribar tumatir da albasa. Injin ban-ruwa mai aiki da rana sau ɗaya ake sayensa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Nan kasuwa take: wanda zai ba da shi bashi a biya bayan girbi, da wanda zai gyara shi in ya lalace, da wanda zai kafa ɗakin sanyi don adana amfanin gona. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma a watan Disamba na wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ƙananan ayyuka, ta hannun Hukumar Samar Da Lantarki A Karkara.

Saura namu. Ya kamata ma'aikatan filaye su tabbatar duk manomin da za a karɓi gonarsa an biya shi diyya kafin a kafa turke. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya Da Fasaha ta Husaini Adamu da ke Kazaure kuma su dage wajen koyon haɗa sola da gyaranta. In ba haka ba, rana tamu, fili namu, amma riba da aikin yi su tafi wani wuri.