Kwatar Yawuri: Inda Yara Suka Koyi Su Tun Kafin Su Koyi Boko

A unguwar Maitama ta birnin Abuja, inda manyan ma'aikata da jakadun ƙasashen waje suke zaune, babu kogi balle kwata. Kifin da ake ci a gidajen unguwar sai an je kasuwar kifi ta Kado, ko kuwa a sayo daskararre a kanti. Amma cikin dattawan da aiki ya kawo birnin tun da aka mai da shi hedikwatar ƙasa a 1991, akwai waɗanda suka tashi a bakin Kogin Kwara, a garin Yalwa ta ƙasar Yawuri. Irin waɗannan mutane, in aka ajiye musu kifi a faranti, tun ba su taɓa ba sun san sunansa, sun san irin ruwan da yake kwana a ciki, sun kuma san da wane abu aka kama shi. Wannan sani a kwata suka same shi suna yara, kuma shi ne ake fargabar kada ya bi su kabari.

Yalwa dai tsohuwar tashar jiragen ruwa ce. Ita ce mazaunin Sarkin Yawuri tun 1888, bayan yaƙin basasar da ya sa aka bar Birnin Yawuri. Tun kafin wannan ma ƙasar sananniya ce ga matafiya, don ta nan Baturen nan Mungo Park ya bi a 1806 kafin ruwa ya ci shi a Busa. Mutanen kogin kuwa kashi biyu ne manya. Akwai Sarkawa, waɗanda su shi ne gadonsu, akwai kuma Gungawa, mazauna tsibirai, waɗanda suka haɗa su da noma, suka yi suna wajen albasa.

A shekarun 1960, yaron Yalwa da ya taso daga makarantar allo da hantsi, kwata yake nufa. Can zai tarar da jirage sun jeru, waɗansu sun kwana a ruwa sun dawo da kifi, waɗansu sun kawo albasa da shinkafa daga tsibirai. Mata suna wanki, dillalai suna ciniki, hayaƙin banda ya turnuƙe gaɓa. Yaro ba ya bukatar jari. Kara ɗaya, da zare, da ƙugiyar kwabo, da ɗan guntun ɓawon ƙwarya ko ɓargon kara da zai yi yawo bisa ruwa, shi ke nan fatsa ta haɗu. Tana kuwa a damshin gaɓa ake tono ta, in ba a samu ba a nemi gara ko ɗan tuwon jiya.

A nan yaro yake koyon bambanta kifi. Kawara ita ce ta 'yan koyo, don ba ta da wayo, da ta ga tana sai ta kawo baki. Karfasa tana son bakin ciyawa. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu dafi, wanda ya riƙe shi da garaje ba ya mantawa, kuma idan aka fito da shi sai a ji yana ƙugi. Tarwaɗa mai santsi ce, tana son laka da duhun magariba. Minjirya kuwa, da ita manyan yara suke wa ƙanana tsiya, a ce su taɓa, su ji kamar an fizge musu hannu tun daga kafaɗa. Amma giwan ruwa da yauni, waɗannan na manya ne. Yaro sai dai ya tsaya ya sha kallo ran da aka jawo giwan ruwan da ya fi shi tsawo, mutum biyu suna rinjayarsa da kyar.

Wanda ya ɗan tasa sai a fara ɗaukarsa a jirgi, ya riƙe filafili, ya kwashe ruwa, ya ga yadda ake jefa birgi ya buɗe kamar faifai, da yadda ake ɗana mamari mai ƙugiyoyi barkatai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har ila yau a nan yake koyon cewa ruwa yana da shugaba. Sarkin Ruwa shi ne mai faɗa a ji kan wuraren da za a shiga da waɗanda za a bari su huta, shi ne mai raba gardamar masunta, kuma shi ake nema in wani ya nutse ko dorina ta addabi jama'a. Yaro yakan koyi cewa Kwara tana cika sau biyu a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka, daga ruwan saman ƙasashen kusa. Baƙin ruwa kuwa yakan iso da hunturu, watau ruwan da ya sauka can duwatsun Gini, ya yi watanni a hanya ta ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa kafin ya iso. Kowane da irin kifinsa da irin kayan da ake tarbarsa da su.

To, wannan zamani ya juya ne da aikin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964, aka gama a 1968, domin samar wa ƙasa wutar lantarki. Ruwa ya taru a bayan madatsar ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, Yalwa ta sami kanta a kansa na arewa. An ta da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da dama suka bi ta, aka gina wa mutanensu sababbin ƙauyuka a tudu.

Da fari abin ya zo da alheri. Ciyawa da itatuwan da ruwa ya shanye sun zama abincin kifi, falia ta yawaita har aka rasa yadda za a yi da ita, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. Ƙididdigar masana ta nuna a 1971 an kama kifi kimanin tan 28,000 a tafkin. Yaran da suka yi wayo a wannan lokaci su ne suka fi kowa ɗokin ba da labari. Sai dai kafin shekarun 1970 su ƙare, abin da ake kamawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abincin da ambaliyar farko ta tara ya ƙare, jirage sun yi yawa, kuma da kifi ya ragu sai aka koma ga raga mai ƙananan idanu.

Mafi ɓarna cikin waɗannan ita ce dala, doguwar raga mai ido kamar gidan sauro, wadda ake ja zuwa gaɓa don kama warangi. Ba warangi kaɗai take kwasowa ba, har da 'ya'yan giwan ruwa da karfasa da falia waɗanda ba su kai yatsa ba. A shekarun 1990 gwamnatocin jihohin Neja da Kebbi suka kafa dokokin hana ta, da taimakon wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Jamus da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, aka kuma jawo sarakunan ruwa cikin aikin tsaro. Amma doka takan yi ƙarfi ne muddin akwai mai bin sawunta, kuma masunci mai iyali da ya wuni bai kama na cefane ba, wa'azi ba ya shigarsa.

Ruwan kansa ya ƙara zama abin tsoro. Kututturan itatuwan da tafki ya binne suna nan a ƙarƙashi, jirage kuwa sun tsufa, ana kuma yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka halaka, ciki har da mata da yara. Uwar da ta ji wannan, ba a ga laifinta ba in ta hana ɗanta zuwa kwata.

Yawuri ba ta rabu da ruwanta ba. Kasuwar kifinta tana ci, kuma bikin Rigata yana tara jama'a su ga tseren jirage da gwanintar ninƙaya. Amma biki na 'yan kwanaki ne, su kuwa sana'ar kullum ce. Ya kamata hukumomin Kebbi da Neja su tsaya kan dokar raga, su mayar wa sarakunan ruwa ƙarfin hana shiga wuraren da kifi yake ƙwai, a kuma tilasta sa rigar ruwa a kowace tasha. Su ma 'yan ƙasar da Allah ya ɗaukaka a Abuja suna da hakki a wuyansu. Da yawa cikin jikokinsu ba su san wani kifi ba sai tarwaɗar kiwo da daskararren teku. Hausawa sun ce tuna baya shi ne roƙo. Kwatar da ta raine su tana bukatar su tuna da ita tun kifin da suka sani da suna bai ƙare ba.