Me Ya Sa Muryarka Ke Fita da "Zuuuu" Idan Ka Naɗa a Laftof?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau da masu naɗar murya za mu yi magana, musamman 'yan uwanmu na Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su. Mai naɗar karatu ne kai, ko mai haɗa tallar shago, ko mai tura rahoto gidan rediyo a Kano, ko ke da kike karanta littafi kina ɗorawa a YouTube, duk kun san wannan ciwon kan. Ɗaki tsit, ka yi maganarka lafiya lau, amma kana kunnawa sai ka ji wani "zuuuu" ko "shuuuu" yana bin muryar tun daga farko har ƙarshe.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ɗora wa makirfo laifi. Sai mutum ya tara kuɗi, ya biya na mota zuwa Kano, ya shiga titin Beirut ko Farm Centre ya sayo sabo, ya dawo gida ya jona, ƙarar na nan daram. Dalili kuwa, mafi yawan lokuta ta hanyar wuta take shigowa: caja, janareta, inbata, kebul, ko wayar da ke aljihunka. Kuma kowace irin ƙara tana faɗa maka daga inda ta fito, in dai ka iya saurarenta.

Me ya sa ramin makirfo ya cika kwashe-kwashe?

Wutar da makirfo ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, 'yan kaso kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Dole kwamfuta ta ninka ta sau ɗari ko fiye kafin ta zama muryar da za a ji. To ita na'urar da ke ninkawar ba ta san murya ba, ba ta san datti ba. Duk abin da ya shigo ta wannan ramin, ninka shi za ta yi. Ga shi kuma a cikin laftof an cusa komai wuri guda: ɓangaren sauti na maƙwabtaka da furosesa, da fanka, da wutar sikirin, da wajen cajin batir. Kamar a ce ka shimfiɗa tabarmar karatu a gefen injin niƙa.

Yanzu bari mu bi ƙararrakin ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko: gurnani mai kauri, "hummmm"

Wannan muryar wutar Nefa ce. Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50Hz. Idan ta yoyo cikin layin makirfo, wannan kai da komon ne kake ji, tare da 'ya'yansa a 100Hz da 150Hz da abin da ya yi sama. A Amurka tasu sau 60 ce, shi ya sa idan ka bi bidiyon ɗan Amurka ya ce ka cire 60Hz, za ka yi ta cirewa ba ka ga canji ba. Gurnanin nan har shaida yake zama: 'yan sandan birnin Landan suna adana shi dare da rana tun 2005, don su riƙa gane lokacin da aka naɗi wata murya da kuma ko an yanke wani abu a cikinta.

Ta ina yake shiga? Babbar ƙofarsa caja. Soket ɗinmu mai ƙafa uku ne, kuma ƙafar sama, doguwar nan, aikinta ta kwashe wutar da ta yoyo ta kai ta ƙasa. A gidaje da shaguna da yawa ba a haɗa wannan ƙafar da komai ba, ko kuma cajar ma ƙafa biyu gare ta. Sai 'yar wutar da ta yoyo ta rasa wajen zuwa, ta zauna a jikin kwamfutar. Ka taɓa shafa laftof mai jikin ƙarfe tana caji ka ji kamar tana ɗan karkarwa a yatsanka? To ita ce. Kuma ita ce makirfo ke ɗauka.

Ta biyu: "zzzzz" mai kaifi, kamar ƙudan zuma

Wannan galibi aikin inbata ne, ko cajar da ba ta asali ba. Yanzu da sola ta yawaita, ku sani inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta Nefa, za ka ga an rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Akwai kuma mai arha, Modified Sine Wave, wadda wutarta ke hawa da sauka kamar matattakala. Kowane tsalle a matattakalar nan ƙara ce. Shi ya sa fanka ma takan yi kuka a kan irin wannan inbatar. Ƙananan ƙwayayen fitila na LED masu arha da tulin cajojin waya a soket ɗaya, su ma suna zuba irin wannan dattin a layi.

Shi kuwa ƙaramin janareta, laifinsa biyu. Ga ƙarar injin da ke shigowa ta taga, ga ta wuta da ke biyo kebul. Kafin ya ba da 50Hz sai ya juya sau 3,000 a minti, kuma da an kunna firji ko dutsen guga sai juyin ya ragu, sautin gurnanin ya sauka, sannan ya sake hawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa a wajen maganar gyara.

Ta uku: "dit-dit-dit, dirrrr"

Kowa ya san ta, irin wadda rediyo ke yi daf da shigowar kira. Wayar hannu ce. Idan tana kan 2G, wato ka ga harafin E ko G a saman sikirin, tana aika saƙonta a gutsure, kusan sau 217 a daƙiƙa, kebul ɗin makirfo kuma sai ya zama eriya ya kama. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, waya na ƙara ƙarfin aikawa ne idan ta yi nisa da ƙarfen sabis. Don haka wanda ke aiki a inda sabis ke sanda ɗaya, a ce wani lungu a wajen Rurum ko Saji ko Tarai, zai fi wanda ke gindin ƙarfe shan wannan ƙarar. Rufe bakin wayar ba ya magani, domin tana ci gaba da magana da ƙarfe a ɓoye. Ka danna alamar jirgi, ko ka kai ta wani ɗakin. Da ta baƙonka ma.

Ta huɗu: "shuuuu", kamar ruwan sama daga nesa

Wannan daga cikin kwamfutar take, hucin na'urar ninka sauti ne idan an matsa mata. A Windows, ka shiga saitin makirfo, wajen Levels, za ka ga Microphone Boost mai +10 da +20 da +30dB. Wannan +30 ɗin ninki ne sama da sau 30, har da dattin. Mutane na kai shi ƙarshe ne saboda murya ta yi ƙasa, murya kuma ta yi ƙasa ne saboda makirfo ya yi nisa da baki.

Maganin kyauta ne. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, ƙarfin muryar da ke shiga yana ninkuwa biyu, ita kuwa ƙarar wutar tana nan yadda take. Ka ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga baki, ka ɗan karkatar da shi gefe saboda iskar "fa" da "ba", sannan ka sauke Boost ɗin zuwa +10 ko sifili.

A nan ne kuma makirfon biki ke ba mutane kunya. Shi irin na hannu da ake jonawa a amfilifaya, wutarsa ta fi ta ƙaramin makirfon maƙalawa a riga rauni sosai. Ka sa masa adafta ka cusa a laftof, dole ka ƙure Boost, sai huci. Kuma akwai naɗin waya a cikinsa, wanda ke kama gurnani idan ya kusanci sitabilaiza ko taransifoma.

Idan kuma ƙarar siririya ce, "tsiiii", tana canzawa in ka motsa linzami ko ka buɗe wani fayil, to kayan cikin kwamfutar ne ke yoyo wa ɓangaren sauti.

Duba bakin jonin ma

Tsofaffin laftof ramuka biyu gare su, ruwan hoda na makirfo, kore na iyafis. Na yanzu rami ɗaya ne ya haɗa duka, kuma yana son baki mai zobe uku. Ka cusa masa makirfo mai zobe biyu, ko dai ya ƙi ganinsa ya koma ɗauka da makirfon jikin kwamfutar ba ka sani ba, ko ya yi ta ƙara. 'Yar igiyar nan mai raba rami ɗaya zuwa biyu ita ce maganin. Ka ƙwanƙwasa makirfon da yatsa kafin ka fara, ka tabbatar shi ne ke ɗauka.

Masu ɗaukar karatu ko taro kai tsaye daga mikisa, ku ma ga taku. Abin da mikisa ke fitarwa ya kai kusan bolt ɗaya, ya fi ƙarfin ramin makirfo nesa ba kusa ba, shi ya sa murya ke fashewa. Sannan idan mikisa na soket ɗaya, laftof na wani, kebul ɗin sauti ya haɗa su, wuta kan samu zagayen da za ta riƙa bi, sai gurnani. Ku jona su a soket guda, ko ku bar laftof ɗin a kan batir.

Gwajin minti biyar

Kafin ka kashe ko sisi, sa iyafis, danna naɗi, yi shiru na daƙiƙa goma. Sai ka riƙa cire abu ɗaya-ɗaya kana faɗa da baki, "na cire caja", "na sa waya a jirgi", don in ka zo saurare ka san inda ƙarar ta ɗauke.

1. Zare caja daga jikin laftof.
2. Sa duk wayoyin ɗakin a alamar jirgi.
3. Kashe fanka da fitila, zare sauran cajoji.
4. Raba kebul ɗin makirfo da na wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su kwanta tare.
5. Sauke Boost, matso da makirfo.

Sau da yawa a mataki na farko ake gamawa. Shi ya sa dokar farko ita ce: yi caji kafin aiki, yi naɗi a kan batir. Na san laftof ɗin da yawa cikinmu na hannu ne, batirin ba ya riƙe wuta. In haka ne, kuɗin da ka ware wa sabon makirfo gara ka fara sayen batir da cajar asali da shi. Ko kuma ka naɗa da wayarka tana kan alamar jirgi, ba a jone da caji ba, daga baya ka tura kwamfuta ka tace.

In ka yi duk wannan ƙarar cikin kwamfutar ta ƙi tafiya, sannan ne za ka nemi makirfo mai USB ko ɗan katin sauti na USB, domin su suna mayar da murya lambobi tun a waje, kafin ta shiga cikin hayaniyar. Amma masu arha sosai sukan kwaso datti ta wutar USB ɗin, don haka ka je da laftof ɗinka da iyafis ka gwada a shagon. Wanda aikinsa ya girma, sai ya koma makirfo mai bakin XLR, mai ƙafa uku, wanda aka ƙera shi yadda ƙarar da kebul ya kwaso a hanya za ta soke kanta.

Gargaɗi biyu, don Allah

Kada wani ya ce ka karya ƙafar sama ta fulogi don gurnani ya tafi. Wani lokacin yakan tafi, amma ka cire abin da zai tsare ranka ranar da wuta ta zubo jikin amfilifaya alhali makirfo na hannunka. In kana jin wuta na jan ka sosai a jikin kayan, tsaya da aikin, kira mai wayarin ya duba. Na biyu, janareta a fili ake nesanta shi. Kada a kulle shi a ɗaki ko zaure don a rage ƙara, iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kisa.

To manhaja fa, ba za ta goge ba?

Za ta rage. Audacity kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita. Kana nuna mata wajen da ka yi shiru, ta ɗauki samfurin ƙarar, ta bi ta rage da Noise Reduction. Shi ya sa yake da kyau ka bar shirun daƙiƙa goma a farkon kowane naɗi. Akwai kuma Notch Filter da zai tsame 50Hz. Sai dai muryar namiji tana farawa ne daga wajen 85Hz zuwa 180Hz, ta mace daga 165Hz zuwa 255Hz, daidai inda 'ya'yan gurnanin suke zaune. Ka matsa da gogewa, sai murya ta koma kamar daga cikin rijiya ake magana. Ga kuma abin da muka ce ku riƙe: gurnanin janareta ba ya tsayawa wuri ɗaya, kana tare shi a 50 ya zame zuwa 48 ko 52.

Tallar shago in ta lalace ana sakewa. Amma Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma tarihi mai yawa na ƙasar Rano da Kibiya da Bunkure a bakin dattawa yake, ba a rubuce ba. Idan Baba ko Inna suka yarda suka zauna awa guda suna ba ka labarin unguwa da zuriya, ba lallai ka sake samun wannan zaman ba. Cika batir tun dare, zare caja, sa waya a jirgi, naɗi gwajin minti ɗaya ka saurara da iyafis, sannan ka ce, "Bismillah Baba, muna jin ka."

Nan za mu dasa aya. Ku tura wa abokin da kuka san "zuuuu" ta addabi aikinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.