Bari Tambari Ya Yi Miki Talla

Yau zancenmu a kan tambarin sana'a ne, watau ɗan zanen nan da ake mannawa a jikin kaya domin a san mai su.

Ga abin da ya jawo maganar. A ajin da nake koyarwa a nan Dutse akwai wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, amma duk ranar da kasuwar Shuwarin ke ci ba na ganinta. Da abin ya ishe ni sai na tafi gidansu. Na tarar uwarta tana yin yajin daddawa mai kyau, yarinyar kuwa ita ke kai shi talla. Na ce mata, me zai hana ki riƙa kaiwa kanti? Ta ce ai ta gwada. Mai kanti ya haɗa nata da na wasu, duka a farar leda iri ɗaya, wata ta sayi mai tsakuwa, aka ce nata ne. Sa'an nan ta ce, "Malama, in ba a ga 'yata ba, wa zai san nawa ne?"

Na kwana ina juya wannan magana. Ashe yarinyar ce tambarin uwarta. Mace tana cikin gida, masu saye ba su san fuskarta ba, sai fuskar 'yar aike. To, in aka sami alamar da za ta tsaya a madadin yarinyar, ai sai yarinya ta koma aji.

Kada ki ce wannan abin manyan kamfanoni ne. Ke kanki da alama kike sayayya. Kikan aiki yaro ya sayo Maggi mai tauraro, ko batir mai kan damisa. Ranar biki kikan ɗiga jan farce a gindin kwanoninki don kada su ɓace cikin na mutane. Iyayenmu ma a zaɓen 1979, lokacin nan muna cikin Jihar Kano, alama suka bi: PRP mabuɗi, NPN gida da masara. Wanda bai iya karatun boko ba ya iya karatun hoto.

Tun da aka yi Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedkwata, sa'an nan aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, gari ya cika da ma'aikata da ɗalibai. Baƙo bai san gidan wance mai ƙuli-ƙuli ba, kanti yake shiga, ya ɗauki abin da idonsa ya gane. Dabinon da aka san Dutse da shi, da zoɓo, da kantun riɗi, duk suna iya shiga kanti in an yi musu sutura.

Ina za ki sami mai zane? Nemi masu zane da kwamfuta, irin waɗanda ke shirya katin biki da kalanda. Cikin ɗalibai ma akwai gwanaye. Ki nemi izinin maigida, ki je da kanki, ko ki aiki mai hankali. Ki tambayi mutum biyu ko uku, kowa ya nuna miki aikin da ya taɓa yi wa wasu. Wanda ya buɗe intanet a gabanki ya kwafo hoto ya ɗora sunanki a kai, yi masa sallama, domin hoton nan yana da mai shi, gobe kuma zai manna wa maƙwabciyarki irinsa. Gwani kuwa tambayoyi zai fara yi miki: me kike sayarwa, su wa ke saye, a leda ne ko a gora?

Ki je da abu ɗaya a ranki, ɗaya tak. Mu mata muna da son ado, sai mu ce a sa fure, a sa tauraro, a sa Dagin Arewa, a zagaye da ruwan zinariya. Wannan zanen lalle ne. Tambari yana son abu guda wanda yaro zai iya faɗa da baki, kamar "mai turmi" ko "mai bishiyar dabino". Launi biyu sun isa, domin a wajen masu ɗab'i da yawa ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Lambar waya a rubuta ta daban a ƙasa, tun da lamba takan canja. In da hali a rubuta sunan da boko da ajami.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya: kada ki sa aya ko sunan Allah a jikin leda. Ledar nan bola za ta ƙare.

In ya kawo zanen kada ki yi saurin cewa ya yi. Sa a buga shi ƙarami, kamar faɗin babban yatsa, ki ga ko ana gane shi. Sa a yi masa hoto baƙi da fari. Bayan haka ki nuna wa tsohuwar gidanku, ki ɓoye, ki tambaye ta me ta gani. In ta yi ta kame-kame, mayar masa ya gyara. Saboda haka tun wajen ciniki ku yanke sau nawa zai gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, ki ba da rabi, sauran sai aiki ya kammala.

Ga inda ake cutar mata da yawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, zane na wanda ya zana ne, sai in ya sallama shi a rubuce. Don haka ya rubuta miki 'yar takarda cewa ya sayar miki ɗungurungum, ya sa hannu, da shaida. Ki kuma karɓi uwar zanen, wadda ake ƙara wa girma ba ta dushe ba. Hoton da ya turo miki ta WhatsApp bai isa ba. In uwar tana hannunsa, duk ranar da kike son bugu sai kin koma gare shi, ya yanka miki kuɗin da ya ga dama.

Kada kuma ki ruɗe da rajista. Hukumar CAC sunan sana'a take yi wa rajista. Rajistar tambari dabam take, a ofishinta da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya, ta farko shekara 7 ce, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Lambar NAFDAC ita ma dabam, ta kayan ci da sha da na shafawa ce. In mai zane ya ce zai ƙirƙira miki lamba don kayan su yi kwarjini, kada ki yarda, laifi ne babba. Mai ƙaramin jari ta fara da zane da takardar sallamawa, sauran ta bi su sannu a hankali.

Ku kuma 'yan makaranta, ku da nake kamawa kuna zane a bayan littafin lissafi, ku saurara. Alamar nan ta takalman Nike, wata ɗaliba ce a Amurka, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. A 1983 kamfanin ya ba ta hannun jari don godiya. Ku koyi kwamfuta da kyau, ku fara da zana wa iyayenku. Sai dai ba a lokacin darasina ba.

Uwar ɗalibata turmi da taɓarya ta zaɓa, ja a kan fari. Kuɗin aikin sai da ta ɗauki adashi, maigidan ma da fari ya ce ɓarnar kuɗi ce. Yanzu kanti uku ke karɓar yajinta, ana shiga ana cewa a ba ni mai turmi. Yarinyar ba ta bar talla gaba ɗaya ba, takan fita Asabar da Lahadi. Amma ranar kasuwar da ta wuce, da na kira suna, ta amsa.