Kabon ko Ƙarfe: Me Ke Sa Firam ɗin Keken Tsere Tauri?

Duk wanda ya taɓa zama a International City ya san Dragon Mart, kasuwar nan da aka buɗe a 2004. A bidiyonmu na wannan makon mun leƙa shagunan kekuna a can, sai tambayoyi suka yi ta shigowa: wai firam ɗin kabon ya fi na ƙarfe tauri ne? Amsar ba ta tsaya ga sunan kayan ba.

Keken tseren fili ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, kuma feda ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Gwanayen gajeren zango kan zuba ƙarfin da ya haura wat 2,000 idan suka taso. In firam ya murɗe a wannan lokacin, ƙafar baya sai ta kauce daga layi, keken ya riƙa rawa a kan kwana mai gangaren digiri 40 da wani abu. Ka ga kenan ba maganar gayu ba ce.

To mu duba lissafi. A ma'aunin tauri, ƙarfe yana wajen 200 GPa, titaniyam 110, alminiyam 70. Sai dai ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku. Wato in ka auna kilo da kilo, kusan kunnen doki suke yi.

Inda bambanci yake shi ne faɗin bututu. Ka ninka faɗinsa sau biyu, kaurin bangonsa bai canja ba, taurinsa zai ƙaru kusan sau takwas. Shi ya sa firam ɗin alminiyam ke zuwa da manyan bututu. In aka yi wa ƙarfe haka, dole a sirance bango don rage nauyi, sai ya koma kamar gwangwani, abu kaɗan ya loɓe.

Shi kabon zare ne ake shimfiɗawa a haɗe da danƙo, taurinsa na bin inda zaren ya fuskanta. Injiniya zai iya tara shi a mazaunin feda da sandunan da ke riƙe ƙafar baya, ya rage a wani wurin. Da keken kabon Lotus 108 Chris Boardman ya ci zinare a Olamfik na Basilona a 1992. Amma a Japan, gasar keirin ta maza har yau firam ɗin ƙarfe ake hawa. Kuma tunda dokar UCI ta hana keke ya gaza kilo 6.8, masu ƙira sun fi zuba basira a kan tauri da yanka iska.

Shawararmu kafin ka ciro dirhami: kabon da ba a shimfiɗa da kyau ba bai kai alminiyam mai kyau ba. Riƙe kan keken da sirdi, ka danna feda gefe da ƙafa, ka ga yadda mazauninta ke motsi. Haska fitilar waya a mahaɗai ka nemi tsaga. Sannan ka tuna, ƙarfe in ya tsage mai walda a Kano zai iya taɓa shi, kabon kuwa sai ƙwararre.

Abu Dhabi ce za ta karɓi gasar duniya ta tseren fili a 2029, don haka hirar nan yanzu aka fara. Wane firam kake hawa? Faɗa mana a ƙarƙashin bidiyon.