Yadda Ake Haɗa Akwatin Ajiye Bindigar Farauta

Idan an gama girbi, ciyawa ta bushe, lokacin farauta ya zo ke nan. Maharba sukan ɗauko bindigoginsu, su cika motar a-kori-kura, su nufi daji. A yawancin ƙauyukanmu, wurin ajiyar bindiga shi ne bayan ƙofa, ko ƙarƙashin gado, ko a rataye a bango. A mota kuwa, sai a jibge ta tare da kaya da karnuka.

Irin wannan ajiya tana da haɗari. Yaro yana iya ɗaukar bindiga da sunan wasa, ya harbi ɗan'uwansa. Gargadar hanya tana iya sa bindiga mai ɗuri ta tashi a cikin mota. Ɓarawo kuma yana iya sace ta, ya je ya yi fashi da ita, a zo a kama mai ita.

Maganin abin shi ne akwati mai kwaɗo. Ba sai an sayo na kanti mai tsada ba. Mai walda ko kafinta na garinku zai iya haɗa shi.

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A ƙasar Amurka mutane da yawa suna da ƙaramar bindiga, suna kuma barinta a mota. A shekarar 2022, a birane fiye da 300 na ƙasar, kimanin rabin bindigogin da aka kai ƙarar an sace, daga cikin mota aka ɗauke su. Shi ya sa masu hankalinsu suke ɗaure akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujerar mota. Wannan dabara za ta yi mana amfani.

ABIN DA DOKA TA CE

Kafin maganar akwati, sai mu san doka. A Nijeriya akwai Dokar Makamai ta shekarar 1959. Ta raba bindigogi gida uku:

1. Bindigogin yaƙi da ƙaramar bindiga ta aljihu. Waɗannan an haramta su. Shugaban ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da izinin riƙe su.

2. Bindigar harbi mai cin harsashi, kamar mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Lasin ɗinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

3. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da lasin ɗinta.

Mu lura da kyau. Akwati ba ya halatta bindigar da ba ta da lasin. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga yana iya shan ɗaurin shekara 10. Saboda haka wannan bayani na mai lasin ne.

KAYAN DA ZA A NEMA

Ana bukatar farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 ko fiye. Kwanon rufi da langa-langa ba za su yi ba, domin almakashin ƙarfe yana yanka su. A wurin 'yan gwangwan ana samun tsohuwar ƙofar ƙarfe da arha, ita ma ta wadatar.

Sai hinji 3, wato ƙarfen da murfi yake juyawa a kansa. Sai kwaɗo 2 masu ƙarfi, da noti 4 masu kauri, da fenti, da tsohon bargo.

YADDA AKE HAƊAWA

1. Auna bindigar da igiya, daga gindi zuwa baki. Ƙara santimita 10, wato tsawon yatsa ɗaya da ɗan ɗori. Wannan shi ne tsawon akwatin. Igiyar za ka kai wa mai walda. Kada ka kai masa bindiga, domin wurinsa wurin tartsatsin wuta ne.

2. A yi wa kowace kusurwa walda tun daga sama har ƙasa. Ɗigon walda nan da can ba ya jure bugun guduma.

3. A lanƙwasa bakin murfin ya sauko ya rufe bakin akwatin. Ta haka ɓarawo ba zai sami inda zai cusa ƙarfe ya ɓanɓare ba.

4. A sa hinji ta ciki. Idan dole ne a sa ta waje, a toshe kan sandarsa da walda don kada a zare.

5. A yi wa kowane kwaɗo 'yar rumfa ta ƙarfe, yadda hannu da makulli za su shiga, amma zarto ba zai kai ga wuyan kwaɗon ba. Ɓarawo ya fi fara taɓa kwaɗo, don haka a nan ya kamata a fi kashe kuɗi.

6. A huda ƙasan akwatin wuri 4, a shafa fenti ciki da waje saboda tsatsa. Idan ya bushe, a shimfiɗa bargo.

A ƊAURE SHI

Akwatin da za a iya ɗauka a ka, a tafi da shi, bai tsare kome ba. Dole a ɗaure shi a jikin abin da ba ya motsi.

A gida, a kafa noti cikin daɓen siminti, a ɗora akwatin, a ɗaure ta ciki. Idan an kulle murfi, ba mai iya kwancewa.

A mota, wurinsa shi ne but, ko bayan kujera, inda mai leƙe ba zai gani ba. Kafin a huda ƙasan mota, a kira bakanike ya nuna inda tankin mai yake, da bututun mai, da na birki, da wayoyin wuta. Kada a yi walda a jikin mota kusa da tanki. Idan motar haya ce, a zura sarƙa mai kauri ta ramukan akwatin, a zagaya ƙafar kujera, a kulle bakin sarƙar ta ciki.

Wanda ba shi da halin na ƙarfe, ya sa kafinta ya yi masa na katako mai kaurin inci 1, a ɗaure shi da ƙarfe. Bai kai na ƙarfe ba, amma zai hana yara. Ƙungiyar maharba kuma tana iya yin karo-karo, ta haɗa babba guda ɗaya na tafiya.

KADA A AJIYE TA DA ƊURI

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Bindigar toka ba ta nuna ko da ɗuri a cikinta. Ga dabara. Ranar da ka tabbata babu kome a ciki, zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi mata alama daidai bakin bindigar. Duk ranar da ka zura, ka ga alamar ta tsaya a sama, to akwai ɗuri. Sa'ad da kake gwadawa, kada fuskarka ta zo saitin bakin.

Kafin ka bar daji, ka harba ɗurin cikin tudun ƙasa mai laushi, inda babu mutum ko dabba. Mai bindigar harsashi ya karya ta, ya cire harsashin, ya duba da idonsa.

Albarushi da harsashi a ajiye su dabam, a kulle. Shi albarushi akwatin katako ya fi dacewa da shi. Idan ya kama wuta a cikin rufaffen ƙarfe, ƙarfen ne zai tarwatse. A nisanta shi da murhu, da fitila, da taba. Kada a bar shi cikin motar da ke tsaye a rana.

Da damina, a riƙa buɗe akwatin ana shanya bargon, a shafa wa bindigar mai. Makulli ya zauna a jikinka, kada ka rataye shi a ƙusa inda yara suke gani. Idan aka sace bindigar, ka sanar da 'yan sanda da mai unguwa a ranar.

Jama'a, kuɗin akwati kaɗan ne, rai kuwa ba a sayensa a kasuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maharbin da bai iya karatu ba tukuna. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.